Mastas a ilimin laburare, da littattafan da ba su da shekarar bugu

Digirin farko a Hausa na yi shi. Laburare kuwa aiki ne ya kai ni, a wata kwalejin ilimi da ta ɗauke ni a lokacin da sashen Hausa ba shi da gurbi. Duk wanda ya shiga laburare ba da takardar fannin ba ya san iyakarsa tun ranar farko: buga hatimi, rubuta lambar shigowa a babbar rajista, kwashe littattafan da ɗalibai suka bari a kan tebur a mayar kan kanta. Ɗakin da ake ba littafi lamba da mazauni kuwa, sai dai ya leƙa ya gaishe su ya wuce. Tun 1995 akwai dokar da ta kafa hukumar yi wa ma'aikatan laburare rajista a Najeriya, wato LRCN, kuma ba ta yi wa mutum rajista sai ya karanci fannin. Shi ya sa na fara da difloma ta bayan digiri, hanyar da irinmu ke bi, sannan na sayi fom ɗin digiri na biyu.

Cike fom a intanet aikin yamma ɗaya ne. Ana neman digiri mai daraja ta biyu aƙalla, kiredit biyar na sakandare, takardar kammala bautar ƙasa, da wasiƙun shaida daga malamai. Tiransikirif, wato takardar sakamakon duk jarrabawoyin digiri, ne ke cin lokaci, domin ba a hannu ake ba da shi ba, makaranta ce ke aika wa makaranta, mai nema kuma yana tsakiya yana safa da marwa. Wanda ke da niyya ya nemi nasa tun kafin a fara sayar da fom. Sai izinin tafiya karatu daga wurin aiki, inda ake sa hannu cewa za a dawo a yi musu aiki bayan an gama. Akwai kuma zaɓin da mutane da yawa ba sa lura da shi sai sun shiga: mastas iri biyu ce, ta bincike wadda ke buɗe ƙofar digiri na uku, da ta ƙwarewar aiki wadda galibi ma'aikata ke yi a ƙarshen mako. Ta binciken na ɗauka.

A makon farko aka ba mu tarihin fannin. Makarantar koyar da aikin laburare ta farko a Najeriya ta fara karatu a Ibadan a 1960, da tallafin gidauniyar Carnegie ta Amurka, kuma ra'ayin da ya yi rinjaye a can shi ne wannan karatu ne na wanda ya riga ya yi digiri a wani fanni. Haka ake yi a Amurka har yau, mastas ce ƙofar shiga aikin. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe nata sashen a 1968, ta kuma fara koyarwa tun daga digirin farko, saboda Arewa na bukatar ma'aikata da gaggawa. Bayero ta Kano ta bi sahu a 1977, Maiduguri a 1978. Wannan tsohuwar muhawara da ranta muka same ta a ajinmu. Wasu sun yi shekara huɗu suna karanta laburare, dokoki biyar na aikin laburare da Ranganathan na Indiya ya fitar a 1931 suna bakinsu kamar karatun allo. Sauranmu baƙi ne, daga Hausa, Tarihi, Kimiyyar Kwamfuta da Shari'a. Su sun san ƙa'ida, mu mun san cikin littattafan wani fanni, kuma kowane ɓangare yana ganin ɗayan bai cika ma'aikaci ba. Sai da aikin rukuni ya haɗa mu aka daina kallon hadarin kaji.

Zango biyu aka yi ana kwasa-kwasai: tafiyar da laburare, hanyoyin bincike da ƙididdiga, fasahar sadarwa, nemo bayani a rumbunan intanet. An yi lakca, an gabatar da takardu, an yi jarrabawa, an wuce. Guda ɗaya ne ya canza mini yadda nake kallon littafi, shi ne katalog, wato rubuta bayanin kowane littafi don mai nema ya same shi, da rabe-raben littattafai, kwas ɗin da kowa ke gudu.

Malamin dattijo ne da ya fara aiki tun zamanin kati, lokacin da ake buga bayanin littafi da tafireta a kan ɗan kati mai inci uku a biyar, a huda ƙasansa, a zura a sandar durowa. Ba ya yawan lakca. Da kwali yake shigowa, ya zube littattafai a kan tebur, kowa ya ɗauki ɗaya ya faɗa masa wane ne ya rubuta, me ake ce da shi, wa ya buga, a ina, yaushe, shafi nawa, a kan me yake magana, kuma a ina zai zauna. Tambayoyi ne da yaro zai ce ya iya, har sai an miƙa masa rahoton taron da ma'aikatu uku suka shirya, wani ya tace, wani daban ya fassara. Muka koyi ƙa'idojin rubuta katalog, wato AACR2 na 1978 da RDA da ta gaje su a 2010, muka koyi zuba bayanin a tsarin MARC 21 da kwamfuta ke ganewa, inda kowane abu ke da gidansa: 100 marubuci, 245 sunan littafi, 264 maɗaba'a da shekara, 300 yawan shafi da girma, 650 batu.

A wurin ba da lamba ne na fara ganin inda rigar ba ta zauna mana ba. A tsarin da Melvil Dewey ya fitar a 1876, addini yana da lambobi daga 200 zuwa 299. Daga 220 zuwa 289 na Baibul da Kiristanci ne, Musulunci kuwa gaba ɗayansa, tafsiri da hadisi da fiƙihu da sufanci, a 297 yake, sai dai a yi ta jan lamba bayan ɗigo. Harshen Hausa yana 493.72, adabinsa 893.72. A tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda jami'o'inmu suka fi amfani da shi, Hausa tana tsakanin PL8231 da PL8234, a ƙarƙashin haruffan da suka haɗa harsunan gabashin Asiya da Afirka da tsibiran teku. Ba na cikin masu zagin Dewey a kan wannan. A laburaren kwalejin Amherst yake aiki, abin da ke kan kantocinsa ya tsara. Matsalar da ta fi damuna wata ce daban. Duk ƙa'idojin nan an gina su a kan cewa littafi zai faɗi ko shi wane ne a shafinsa na farko da bayan shafin. Ni kuwa littattafan da na taso ina karantawa a ɓoye a cikin littafin Lissafi, waɗanda ake kira adabin kasuwar Kano, ba sa faɗa.

Da lokacin zaɓen batun bincike ya zo, abokan karatu suka ba ni shawarar da ake ba kowa: a ɗauki batu irin na "sanin rumbunan intanet da amfani da su a tsakanin ɗaliban makaranta kaza", a raba takardar tambayoyi, a zuba amsoshin a manhajar ƙididdiga ta SPSS, a fitar da jadawali, a gama. Kantocin kundaye a sassan fannin nan cike suke da irinsa, sunan makaranta kawai ke canzawa, kuma sakamakon sananne ne tun kafin a fara: rashin wuta, rashin intanet, rashin kuɗi, rashin horo. Ba ƙarya ba ne, amma ba ilimi ne sabo ba. A ganina wannan ita ce babbar cutar karatun laburare a matakin mastas. Ana yaye mutanen da suka iya tambayar wasu ra'ayinsu a kan laburare, amma a ba su littafi mai wuya su yi masa katalog, sai ido ya raina fata.

Na je wurin sufabaizana na ce, "Ranka ya daɗe, so nake in yi a kan littattafan Hausa na kasuwa, yadda za a shigar da su katalog."

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Ya ce, "Malama, kin san babu wanda ya share miki hanyar nan? Babi na biyu, na bitar ayyukan da suka gabata, da me za ki cika shi?"

Na ce masana adabi sun yi rubutu mai yawa a kan littattafan, masana laburare ne ba su waiwaye su ba.

Ya ce, "To, je ki cika leda da su ki kawo. Ki yi musu katalog a gabana. In na ga akwai matsala ta gaske, na sa hannu."

A na farkon da na ɗauko muka tsaya. Babu shekara, babu sunan maɗaba'a, babu lambar shaidar littafi ta ISBN, sunan marubuciyar a bango daban da na ciki, kuma an rubuta "na biyu" ba tare da an ce kashi nawa ne duka ba. Ya juya shi gaba da baya, ya yi dariya, ya jawo fom ɗin.

Ranar kare shawarar bincike kuwa an sha fama. Tambayar farko a irin wannan zama ba ta canzawa: nawa ne jimillar abin da za ki bincika, nawa za ki ɗiba, kuma kin duba jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, mai nuna adadin da ya kamata a ɗiba? Na ce babu mai iya faɗin jimillar littattafan nan, kuma rashin sanin jimillar shi ne dalilin binciken. Wani malami ya ce wannan ai aikin ofis ne, ba bincike ba. Wata malama ta ce ita ba ta ga abin da littattafan soyayya za su yi a laburaren makaranta ba. Dattijon nan na katalog, wanda bai ce uffan ba tun da aka fara, ya ce mata, "Hajiya, ba tambayarmu ake yi ko suna da kyau ba. Tambayarmu ake yi ko akwai su." Aka amince, da sharaɗin in ƙara hira da marubuta da masu sayarwa.

Ina shirin fita aikin tattara bayanai yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya faɗo, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Ga mafi yawan 'yan ajinmu wata takwas ne na zaman jira, domin ɗaliban da za su cike musu takardar tambayoyi duk sun tafi gida. Ni kasuwa ce wurin aikina, kuma kasuwa ba ta yajin aiki. Na bi masu littattafai na Sabon Gari a Kano, na bi ƴan tsirarun masu hayar littattafai da suka rage a unguwanni, na shiga gidajen ƙawaye da 'yan uwa inda ake fito da tsofaffin littattafai daga ƙarƙashin gado, wasu gara ta ci gefe, wasu bangon ya tafi.

Wani mai haya, dattijo da rumfarsa yanzu ta fi sayar da katin waya da cajar hannu, ya fi kowa taimakona. Da farko ya ɗauka daga hukuma nake, domin mutanen wannan sana'a ba su manta da 2007 ba, shekarar da aka ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a Kano. Na ce, "Baba, ni ɗaliba ce, sunayensu kawai nake son rubutawa kada su ɓace." Ya ce, "'Yata, ai sun riga sun ɓace, waya ta cinye su." Sannan ya shiga ciki ya fito da tarin littattafan rubutu irin na 'yan makaranta. A ciki yake rubuta kowane littafi da ya saro, ranar da ya saro shi, kashi nawa ne, da sunan duk wadda ta karɓa haya. Bai taɓa jin sunan Dewey ba, amma rajistar shigowa da rajistar aro yake riƙewa, kuma tasa ta fi ta wasu makarantu tsabta. Sunayen masu haya ban kwafa ba, ranakun saro kawai na ɗauka, kuma su suka zama ma'aunin da na gwada sauran hasashena da shi.

Domin shekarar bugu hasashenta ake yi, kuma RDA ta yarda a sa shekarar da ake zato a cikin baka mai kusurwa da alamar tambaya, in dai akwai hujja. Hujjar a jikin littafin take ga mai haƙuri. Idan lambar wayar da ke bayan bango ta fara da 064, ta tarhon gida ce ta Kano. Idan ta fara da 0803 ko 0802, to ba a buga shi kafin 2001 ba, shekarar da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya. Idan adireshin marubuci ya ce Jihar Jigawa, bai riga 1991 ba, idan Zamfara ce, bai riga 1996 ba. Farashin da aka buga a bango yana taimakawa, haka jerin "littattafan da ke nan tafe" a shafin ƙarshe, domin yana nuna wanne ya riga wanne. Har shafin sadaukarwa ban raina ba, inda ake taya ƙawa murnar aure ko a yi ta'aziyyar wani sananne da aka san shekarar rasuwarsa. Wannan sashe na fi jin daɗin rubutawa a duk kundin, kuma shi ne mai jarrabawa ya fi tsayawa a kai daga baya.

Sunaye sun fi shekara wahala. Marubuciya ɗaya za ta fito da sunan mahaifinta a wannan littafi, da sunan mijinta a wancan, a na uku da sunan unguwarsu, a na huɗu ta zama Maman wane ko Anti wance. Aikin mai katalog shi ne ya zaɓi suna ɗaya tsayayye, ya sa sauran su riƙa nuna hanya zuwa gare shi, don mai nema ya ga duk ayyukanta a wuri guda. Tsarin Turawa na sa sunan iyali a gaba bai zauna a nan ba, tun da sunan ƙarshe a wurinmu sau da yawa sunan uba ne ko na gari, ba na zuri'a ba. Na buga wa waɗanda na samu lambarsu waya na tambaye su da wanne suke so a san su. Wata ta roƙe ni in cire sunan da ke kan littattafanta na farko, domin auren ya mutu tuntuni. Ƙa'ida ta ce a rubuta abin da ke kan littafi yadda yake. Na bar shi kamar yadda aka buga a gidan 245, inda sunan marubuci ke bin sunan littafi, amma a gidan 100 na sa sunan da ta zaɓa.

Sai haruffa masu ƙugiya. Maɗaba'u da yawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, wasu sun buga su babu ƙugiya, wasu sun maƙala musu waƙafi a sama. A wurin kwamfuta k da ƙ haruffa biyu ne da ba su san juna ba, saboda haka wanda ya nemi littafi mai kalmar ƙaddara a sunansa ba zai ga wanda aka buga da kaddara ba. Maganin da na ba da shi ne a rubuta sunan yadda yake a bango, sannan a ƙara sauran sigogin a gidan 246, wanda dama don sunaye mabambanta aka tanade shi. Batun littafi ma haka. Jerin kalmomin batu da ake amfani da shi da Turanci yake, mai karatunmu kuwa cewa take yi a ba ta labarin kishiya, ko na auren dole, ko na 'yar riƙo, ko na zawarci. Na zuba waɗannan kalmomi da Hausa a gidan 653, inda aka yarda mai katalog ya sa kalmar da ba ta cikin jeri.

Duk wannan a manhajar laburare ta Koha na yi shi, wadda aka ƙirƙira a ƙasar Niyu Zilan a 1999, kuma kyauta ce. Ɗan ajinmu da ya fito daga Kimiyyar Kwamfuta ya ɗora mini ita a kwamfutar cinya, ni kuma na duba masa Hausar takardar tambayoyinsa. Da dare nake aiki bayan yara sun kwanta, gwargwadon abin da batir ya ɗauka. Littafin Turanci minti kaɗan yake ci, domin Koha tana jawo bayaninsa daga manyan laburaren duniya a shirye. Namu kuwa da hannu ake gina kowanne daga tushe. 'Yan kaɗan da na samu an riga an yi musu katalog, a waje na same su, a irin makarantar SOAS ta Landan, wadda ke da tarin waɗannan littattafai da aka saya a Kano. Na yi amfani da bayanansu da godiya, amma abin ya tsaya mini a rai.

Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi ya kai kwafi uku ajiya cikin wata ɗaya da fitowarsa, gwamnatin jiha kwafi goma, ta tarayya ashirin da biyar. Mafi yawan marubutan da na yi hira da su ba su taɓa jin labarin dokar ba. Mutum ne ya tara kuɗinsa, ya kai rubutu maɗaba'a, ya kwashi littattafai ya kai wa dillali, in sun ƙare shi ke nan. Wasu ko kwafin littafinsu na farko ba su da shi, wata ma ni ta roƙa in ɗaukar mata hoton shafukan nata.

Bayan an koma makaranta sai jerin matakan da kowa ya sani: gabatar da sakamako a sashe, gyara, kare kundi na cikin gida, gyara, a zuba shi a Turnitin a ga ko an kwafi aikin wani, a daidaita manazarta da tsarin APA bugu na bakwai. Kowane zama da kuɗin buga kwafi ga kowane malami, kuma wannan kuɗi ne da ba ya cikin lissafin kowa lokacin sayen fom. Rataye na ƙarshen kundina ya fi babi biyar ɗin kauri, domin a nan katalog ɗin kansa yake, kuma sai da sufabaiza ya tsaya mini kafin a bar shi a haka.

Mai jarrabawa na waje farfesa ne daga wata jami'a a Kudu, ba ya jin Hausa, amma ya ce matsalar ya san ta, don littattafan kasuwar Onica ma haka suka wahalar da masu katalog. Ya sa na ɗauki littafi ɗaya na nuna yadda na gano shekararsa. Sannan ya yi tambayar da ba ni da cikakkiyar amsarta: marubutan nan yanzu ina suke? Na ce mafi yawansu sun bar takarda, a WhatsApp da Wattpad suke sakin labari shafi-shafi, mai so ya tura kuɗi a sa shi a rukuni. Ya ce to wanne ne littafin, shafin da aka saki ranar Litinin, ko wanda aka gyara ranar Laraba, ko wanda wata ta haɗa ta yaɗa ba da izini ba? Kuma wa ke ajiye shi? Na ce babu kowa. Ya rubuta wani abu a takardarsa, aka ce in fita in jira, aka kira ni aka ce na ci, da ƙananan gyare-gyare.

Tambayar tasa ba ta daɗe ba ta nuna kanta. A ƙarshen Nuwamba 2023 dandalin OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama ke sayar da littattafansu, ya rufe. Wanda ke da kwafin aikinsa ya tsira da shi, bayanin abin da aka taɓa bugawa a can kuwa ba a kan kantar kowa yake ba. Na kai kundina an yi masa bango mai tauri, majalisar jami'a ta amince da sakamako, na yi rajista da LRCN, na koma aiki a sashen katalog. Shugaban laburarenmu ya ba littattafan da na tara kanta biyu, da sharaɗin a karanta a ciki, ba a fita da su. Shawarar binciken da nake rubutawa yanzu don neman digiri na uku a kan labaran WhatsApp ɗin take, kuma har yau ina kan sakin layin da zan bayyana abin da zan ƙirga a matsayin littafi ɗaya.